Gamsheƙa a Ɗakin Baba

Gidanmu na Haɗeja dogo ne, irin gidan da aka yi ta ƙara masa ɗaki kaka bayan kaka har ya koma kamar lungu. Ni da maiɗakina da yaranmu muna gaba, a ɓangaren bulo da na gina lokacin da zan yi aure. Idan ka wuce mu sai tsakar gida, sai madafi, sai rijiya, sai tsohon murhun bandar kifi da aka daɗe ba a hura masa wuta ba. Can ƙarshe, jingine da katangar baya, nan ɗakin Baba yake. Na ƙasa ne, kakana ne ya gina shi, bangonsa da kauri kamar ganuwa. Bayan katangar babu sauran gida, sai fadama da ciyawar kacalla iya ganinka.

Baba masunci ne tun tasowarsa. Da hawan jini ya kayar da shi, ɓarin jikinsa na dama ya shanye, harshensa ya yi nauyi, kalma ɗaya sai ya yi ta kokawa da ita kafin ta fito. Mahaifiyarmu ta riga ta rasu. Da aka sallamo shi daga asibiti na gyara masa ɗaki kusa da nawa, na shimfiɗa sabuwar leda, na sa fanka. Bai daɗe a ciki ba ya daina cin abinci. Duk wanda ya shigo gaishe shi, sai ya ɗaga hannun hagu ya nuna masa hanyar tsohon ɗakinsa. Dole muka mayar da shi can, wurin tsohon tarunsa da ƙatuwar gorar da ya sha kifa ciki a kanta ya ƙetare kogi.

Ni malamin gona ne, a Kaugama nake aiki. Da safe in yi masa wanka, in sauya masa kaya, in hau babur. Da yamma ƙanena, wanda yake sayar da shinkafa a kasuwa, ya zo ya yi nasa. Tsakanin nan maiɗakina ce kaɗai babba a gidan. Ita kuwa tun da aka kawo ta ba ta taɓa haɗa ido da Baba ba. Idan ta kai masa abinci, a bakin ƙofa take durƙusawa, ta yi sallama, ta gaishe shi kanta a ƙasa, ta miƙa hannu ta ajiye kwanon a kan wani ɗan benci da ke tsakanin ƙofa da gado, ta ja da baya. Shi ma ba ya so ta wuce nan. Haka surukuta take a gidanmu, ba wanda ya taɓa ganin laifin hakan.

Wata rana na dawo na tarar da shi a ƙasa. Ya miƙa hannu zai ɗauki buta ne ya zame daga gado, tun bayan azahar. Ya yi ta kira da ɗan abin da ya rage masa na murya, ba wanda ya ji. Gefen fuskarsa duk ƙasa. Da na ɗaga shi ya ƙi kallona. A ranar na yanke shawarar sa masa kyamara, irin wadda kake gani ta waya, ka kuma yi magana ta cikinta.

Samun kyamarar bai yi wuya ba, wayfai ne matsala. Rautar gidan, wato na'urar da ke ba mu wayfai ɗin, tana falona a kan kabad, da layin waya a cikinta. Sabis ɗinta yana kai wa tsakar gida, ya yi rauni a madafi, kafin rijiya ya mutu. Ko da ya kai ma, bangon Baba ba zai bar shi ya shiga ba, domin ko kiran waya ba ya shiga ɗakin nan sai ka fito ƙofa. Na fara gwada wata 'yar na'ura da ake sokawa a soket, ta tsinto sabis a iska ta maimaita shi. Na soka ta a madafi. Hoton ya zo ya tsaya, ya zo ya tsaya, fuskar Baba ta koma dabbare-dabbare. Na mayar wa mai shagon.

Sai ya fito mini da wata farar aba mai faɗi kamar murfin kwanon sha, ya ce sunanta akses foyin.

"Wannan ba ta roƙon sabis a iska, Malam," in ji shi. "Kebul za ka ja daga rautarka har inda kake so, ka soka mata. Ta nan za ta sha wuta, ta nan za ta sha data, ita kuma ta watsa sabon wayfai a wurin. Kamar ka ɗauki rautar ka kai can ne."

Ni da ƙanena muka yi aikin wata Asabar. Muka zura kebul ɗin cikin siririn bututun roba saboda rana da ɓera, muka bi da shi ta ƙarƙashin bakin kwano, ta saman madafi, ta gefen rijiya, muna kafewa da ƙusa. Bangon Baba da rodi muka huda shi, ƙasa ta yi ta zubo mana a ka. Muka kafe na'urar a jikin azara, a saman ƙofa daga ciki. Na buɗe ta a waya, na ba ta suna irin na falo da lambar sirri iri ɗaya, don wayar mutum ta riƙa sauyawa da kanta idan ya taho daga gaba. 'Yar fitilarta ta koma koriya. Na tsaya a tsakiyar ɗakin da ko kira ba ya shiga, sandunan sabis sun cika taf. Kyamarar kuma muka ɗora ta a kusurwa, tana kallon gado da ƙofa gaba ɗaya.

Baba yana kwance yana bin mu da ido. Da muka gama ya yafito ni.

"Mene ne?"

Na durƙusa na nuna masa kansa a waya. Ya daɗe yana kallon tsohon da ke kwance a ciki.

"Ido," in ji shi. "Ka kafa mini... ido."

"Baba, don idan ka faɗi in sani ne."

Ya juya fuskarsa bango. Sai da ƙanena ya ce za mu riƙa kifa wa kyamarar hula duk lokacin wanka da sauya kaya, kuma ni kaɗai zan riƙa gani, sannan ya ɗaga yatsa alamar ya ji. Bai ce ya yarda ba.

A hankali ya saba. Nakan buɗe waya daga Kaugama in yi sallama, muryata ta fito daga kusurwar ɗakin, ya ɗaga hannu. Maganar takan ɗan yi jinkiri kafin ta isa: sai na rufe baki sannan in ga ya juyo. A lokacin ban ɗauki wannan jinkirin a bakin komai ba.

Sai damina ta zo da ƙarfi. A garinmu idan ruwa ya yi nisa, kowa kunnensa yana kogi. Aka ce an saki ruwan dam. Kullum da sassafe maza su wuce da shebur da buhuna zuwa jinga, su wuni suna cika yashi suna tare ruwa. Fadamar bayan gidanmu ta cika, ruwa ya haɗiye gonakin shinkafa, ya zo yana lasar gindin katanga. Kwaɗi suka cika tsakar gida. Rana ta ɓuya kwana da kwanaki, wutar gari babu, sola ba ta samun abin kirki.

Ranar da abin ya faru na je aiki, domin manoma suna ta zuwa kawo labarin gonakin da ruwa ya ci. Wajen azahar na samu sarari, na zauna a benci a barandar ofis na buɗe waya.

Baba yana kwance rigingine yadda na bar shi, zanen rufarsa ya zame daga ƙafafu. Na buɗe baki zan yi sallama sai na hango igiya a ƙasa, baƙa, daga gindin bango zuwa ƙafar gado. Na ce a raina ƙanena ya taɓa tarun nan ya bar igiya a ƙasa. Sai igiyar ta janye jikinta.

Na ja hoton da yatsu ya ƙara girma. Gamsheƙa ce, baƙa wuluk, tana sheƙi saboda jiƙa, ta fi bencin abinci tsawo. Ta ɗaga kai ta ɗora a bakin katifa.

Ban san lokacin da na miƙe ba. Wani manomi da ke jira na ya ce, "Malam, lafiya?" Na kira maiɗakina, wayar ta yi ta ƙara har ta katse. Na sake kira, haka. Na kira ƙanena, ya ɗauka cikin hayaniya, ana ta kabbara da ƙarar shebur.

"Yaya, muna jinga, ruwa ya huda wani wuri..."

"Maciji a ɗakin Baba! Yana hawa gado!"

"Me ka ce?"

"Maciji! Ka tafi gida yanzu!"

"Innalillahi! Ban zo da babur ba, a mota aka kwaso mu. Ga ni nan, Yaya, ga ni nan."

Jingar da suke tana ɗaya gefen garin. Na san kafin ya samu abin hawa ya isa, duk abin da zai faru ya riga ya faru. Na kira telan da ke maƙwabtaka da mu, wayarsa a kashe. Duk namijin da na tuna a unguwarmu yana jinga.

Na koma kan hoton. Macijiyar ta hau gadon. Rabin jikinta yana kan katifa, tana zaro harshe a kusa da ƙafar Baba ta dama, ƙafar da ko allura ka soka mata ba ta ji. Na danna wurin magana, na sassauta murya iya iyawata.

"Baba. Baba, kada ka motsa. Akwai maciji a ƙafarka."

Na jira maganar ta isa. Da ta isa, macijiyar ta tsaya cak, ta ɗago kai. Ko muryata ce ta sa, ko wani abu dabam, har yau ban sani ba. Baba bai juyo ba, idonsa yana kan rufi. Leɓensa ya motsa. Na kara wayar a kunne.

"Shi... ru."

Ashe ya sani. Ya gan ta tun kafin ni. Hannunsa na hagu, mai lafiyar, yana shimfiɗe a gefensa kamar shi ma ya shanye.

Na yi shiru. Manoma suka kewaye ni suna leƙen wayar. Wani ya ce a zuba kananzir, wani ya ce a ƙona roba, kamar akwai wanda zai iya zura hannu cikin wayar ya yi. Wani dattijo a bayana ya fara addu'a ƙasa-ƙasa. Ina kallo ta bi ta kan idon sawunsa, ta kwanta a kan ƙwaurinsa kamar mai neman ɗumi. Hoton ya daskare. Ya dawo, ta matsa kusa da gwiwa. Ya sake daskarewa. Duk lokacin da ya tsaya, ban san a ina zan same ta idan ya dawo ba: a cikinsa, ko a ƙirjinsa, ko a fuskarsa. Zufa ta sa wayar tana zamewa daga hannuna. Ina ganin ƙirjin Baba yana hawa da sauka a hankali, a hankali, ƙuda ya sauka a gefen bakinsa bai kore shi ba.

Can dai ta sauko. Ta zuro kai ta gefen gado, jiki ya biyo baya, ta ratsa ƙarƙashin bencin abinci, ta je ta naɗe a bakin ƙofa daga ciki, a inuwar labule. Wani cikin manoman ya ce, "Alhamdulillahi, fita za ta yi." Ba ta fita ba. Ta kwanta abinta.

Sai na tuna lokaci. An yi azahar. Yanzu ne maiɗakina take kai abincin rana.

Na sake kiranta, ba ta ɗauka ba. Ina komawa kan hoton na ji ƙarar silifas a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa, da ta murfin kwano. Na san takunta. Inuwarta ta faɗo a kan labule.

"Salamu alaikum, Baba."

Daidai inda take sa gwiwa idan ta durƙusa, nan macijiyar take.

Na danna na kurma ihu. "Kada ki shiga! Ja da baya! Maciji a ƙofa!" Na faɗa har na gama faɗa, cikin hoton kuwa shiru, maganata tana hanya ba ta isa ba. Na ga yatsunta sun kama gefen labule. Baba ne ya riga ni. Ya daki katakon gado da hannun hagu, ya saki wata ƙara da ban taɓa jin irinta daga bakinsa ba, ba kalma ba ce. Sannan muryata ta fashe a cikin ɗakin. Labule ya saku. Na ji kwano ya faɗi. Macijiyar ta miƙe ta fasa kai, ta juya, ba wajen ƙofa ba, wajen gado.

A nan hoton ya tsaya. Wata 'yar da'ira ta yi ta juyawa a tsakiyarsa. Sai rubutu ya fito cewa kyamarar ba ta kan layi.

Na rufe na buɗe, na rufe na buɗe, babu. Dattijon nan ya riƙe mini hannu ya ce ba zan iya tuƙi a haka ba, in bari wani ya kai ni. Na fizge na hau babur.

Hanyar Kaugama zuwa Haɗeja na san ta kamar tsakar gidanmu, amma ranar ta ƙi ƙarewa. Ruwa hagu, ruwa dama. Mutanen da ruwa ya koro daga ƙauyuka sun kafa rumfunan leda a bakin titi, da awakinsu da tukwanensu, dole in rage gudu. Akwai inda ruwa ya haye titi, na sauka na tura babur, ruwa har gwiwa, duk ciyawar da ta taɓa mini ƙafa sai in zabura. Abu ɗaya nake ta juyawa a raina: tana kwance abinta a bakin ƙofa, ihuna ne ya tashe ta ya juya ta wajen gado. Da na yi shiru fa? Da na yi shiru maiɗakina ta sa gwiwa a kanta. Na rasa wanda zan tarar a kwance cikin su biyun. Abin da kawai na samu na gode wa Allah a kai shi ne yara suna makaranta.

Wayar ta yi ƙara a aljihuna. Na tsaya, na daɗe ina kallon sunan ƙanena kafin na iya ɗauka. Muryarsa tana yankewa.

"Yaya... Baba... an fito da..."

Ta katse. Na kira, ba ta shiga. An fito da shi yaya? Da ransa, ko kuwa? Ban sake tsayawa ba.

Da na shigo lungunmu na hango mata sun cika ƙofar gida. Na kashe babur na kasa kunne ko zan ji kuka. Babu kuka, sai surutu. Suka dare mini hanya ina wucewa suna cewa sannu, sannu, ba wadda ta faɗa mini abin da nake son ji.

A tsakar gida na ga katifar Baba a ƙasa, a gindin darbejiya, shi kuma a kanta, idonsa biyu. Iya, tsohuwar da ke maƙwabtaka da mu, tana yi masa fifita. Ƙanena yana tsugune, jikinsa duk yashi. Maiɗakina tana zaune a ƙasa ta jingina da bakin rijiya, hijabinta ya yi kaca-kaca da taɓo. Na zauna a ƙasa a inda nake.

Iya ce ta ba ni labari. Tun hantsi maiɗakina tana gidanta tana taya ta kwashe ruwan da ya shiga ɗaki, wayarta kuma tana falo a jikin caji, shi ya sa ba ta ji kira ba. Da ta ji ihuna ta saki kwano ta fita a guje. Ta duba lungu, babu namiji ko ɗaya. Ta jawo Iya suka dawo. Suka ɗage labule da taɓarya, ba su ga komai a ƙasa ba. Baba ya nuna musu kusurwar da kayan kamun kifinsa suke, sannan ya yafito su da yatsa.

"Ni na ce mu jira maza," in ji Iya. "Ban gama rufe baki ba yarinyar nan ta ja hijabi ta rufe fuska, wai don kada macijiyar ta tofa mata dafi a ido, ta faɗa ciki. Ta kama bakin katifa ta jawo shi da shi a kai, daga gado zuwa ƙasa. Ni na tarye ta a ƙofa muka ja tare."

Na dubi maiɗakina. Ta ce, "Wallahi ban san na yi ba." Ta sunkuyar da kai ta fara kuka.

Sai na tambayi abin da ya kamata in fara tambaya. "An sare shi?"

Na matsa kusa da shi.

"Baba, ta sare ka?"

Ya dube ni, ya dubi ƙafarsa ta dama da ke yashe a kan katifa.

"Ban... sani ba."

Tsoron da na ji a Kaugama ya dawo sabo. Ni da ƙanena muka ɗaga ƙafar muna dubawa, tsakanin yatsu, diddige, bayan gwiwa. Akwai ƙujewa, wataƙila daga jan katifa. Akwai kuma wasu 'yan ɗigo a saman idon sawu, kusa da juna. Ƙanena ya ce cizon sauro ne. Iya ta ce a ɗaure ƙafar a kira mai magani. Na ce asibiti za mu. Aka tsayar da adaidaita, muka ɗauke shi.

A asibiti wata ma'aikaciya ta zana da'ira da biro a kewayen ɗigon, ta ɗebi jininsa a 'yar kwalba ta ajiye don a ga ko zai daskare. Ta ce mu sa ido: idan ƙafar ta fara kumburi ta wuce zanen, ko idonsa ya fara lumshewa, ko yawu ya fara zuba, ko maganarsa ta yi nauyi, mu kira ta nan take. Na dubi Baba. Idonsa na dama ya daɗe a lumshe. Yawu kullum muna share masa. Maganarsa kuwa ba sai an faɗa ba. Duk alamun da ta lissafa yana da su tun kafin macijiya ta shigo. Na ce mata haka. Ta ce to mu dai kalli ƙafar.

Haka na zauna ina kallon da'irar biro. In kawar da kai in dawo, sai in ga kamar fatar ta ɗan tasa. In taɓa, in gwada da ɗaya ƙafar, in ga daidai suke. Jinin ya daskare, ta ce alama ce mai kyau, amma ba za a sallame mu ba sai an ga wayewar gari. Gari ya waye ƙafar tana nan yadda take. Aka ce ba ta sare shi ba.

Ƙanena ya zo ɗaukar mu, shi ya faɗa mana yadda aka ƙare da macijiyar. Da maza suka dawo daga jinga suka shiga ɗakin da sanduna da tocila, suka fitar da komai ɗaya bayan ɗaya. A cikin gorar suka same ta, ta naɗe a ciki. Ƙanena ya toshe bakin gorar da buhu, suka kai ta bakin titi, suka fasa gorar suka kashe ta. Ramin da ta shigo na ɓera ne, a gindin bangon baya, inda ruwa ya jiƙa ƙasa.

"Gorar?" in ji Baba.

Ƙanena ya sunkuyar da kai.

Abin da ya yanke hoton ma na gano shi da na shiga falo: batirin sola ne ya ƙare saboda rashin rana, inbata ta mutu, ta tafi da rauta da na'urar ɗakin Baba gaba ɗaya. Na nemo musu ƙaramin batir nasu na kansu. Muka toshe ramukan ɗakin da siminti, muka shafe gindin bangon ciki da waje. Sauran daminar Baba a ɓangarena ya yi ta, wannan karon bai ƙi abinci ba. Da ruwa ya janye, ƙasa ta bushe, muka mayar da shi ɗakinsa kamar yadda ya so.

Akwai maganar da ta tsaya mini a rai, sai da na faɗa masa wata safiya ina sa masa riga. Na ce ranar nan ba ni kaɗai na gan shi ba, manoma sun kewaye ni suna kallo, ya yafe mini.

"Me... suka ce?"

"Sun ce ba su taɓa ganin mutum mai dauriya irinka ba, Baba. Maciji a kan ƙafarka, ko gezau."

Ya yi wani ɗan sauti kamar dariya, rabin bakinsa ya motsa.

"Tsoro... ne," in ji shi. "Na kasa."

Na gama sa masa maɓalli, na gyara masa filo, na matso da buta inda hannunsa zai kai. Na yi masa sallama na juya zan fita, sai ya riƙe mini gefen riga.

"Duba."

Ban gane ba da farko. Ya nuna ƙarƙashin gado. Na kunna tocilar waya na durƙusa na haska: babu komai sai ƙura da takalminsa ɗaya. Na ce masa babu komai. Ya nuna bayan ƙofa, na duba. Ya nuna kusurwar taru, na ɗaga shi da sanda na kakkaɓe. Sannan ya sake ni. Washegari ma haka, da kashegarinta. Har yanzu ba na hawa babur da safe sai na bi wuraren nan na haska masa yana kallo, shi kuma ba ya sakin rigata sai na gama.